Adireshi Biyar, Zaure Ɗaya: Asalin Katangar Ƙaramin Ofis

Idan kamfanin sadarwa ya ba ofishinka rukunin adireshin intanet takwas, biyar kaɗai za ka mora: ɗaya na nuna rukunin, ɗaya na shela, ɗaya na na'urar kamfanin. Wannan tsimi gado ne na shawarar da aka yanke a 1981, lokacin da aka tsara IPv4 da adireshi kusan biliyan 4.3. Kwamfutocin da ke haɗe a lokacin 'yan ɗaruruwa ne, akasari a jami'o'i da cibiyoyin binciken Amurka, inda kowa ya san kowa.

Amanar ta karye ranar 2 ga Nuwamba, 1988, da manhajar Robert Morris, ɗalibi a Jami'ar Cornell, ta bazu ta durƙusar da dubban kwamfutoci. Bayan haka tunanin katangar tsaro ya samu karɓuwa: a tsayar da na'ura guda tsakanin ofis da waje, tamkar zaure, tana tantance mai shiga da mai fita.

Sai kuma adireshi suka soma ƙaranci. A 1994 Kjeld Egevang da Paul Francis suka wallafa dabarar NAT, wadda ke ba kwamfutoci da yawa damar fita da adireshi ɗaya. Maganin wucin gadi suka ɗauke ta, amma ta zauna daram. A 1994 ɗin ne kuma aka keɓe adireshin cikin gida, irin masu farawa da 192.168, kuma a Fabrairun 2011 rumbun IPv4 na duniya ya ƙare.

Dabarar ta zo da nata ciwon kai. IPsec, tsarin ɓoye saƙo na 1995 da aka gina VPN da yawa a kansa, ya ɗauka cewa adireshi ba ya sauyawa a hanya, alhali sauya shi ne aikin NAT. Sai a 2005 aka daidaita su ta ƙofar UDP mai lamba 4500. Shi ya sa har yau ma'aikaci kan kasa shiga ofis daga gida idan an manta da wannan ƙofa.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne ɗaukar NAT a matsayin katanga. Don tsimi aka ƙirƙiro ta. Da zarar ka ɗaura adireshin waje kai tsaye a kan kwamfutar ajiyar takardu ko na'urar kyamarori, duniya na iya ƙwanƙwasa musu, sai fa in dokar katanga ta hana. Saboda haka a rufe komai tun farko, a buɗe wa kowane adireshi ƙofar aikinsa kaɗai. Takardun albashi da na abokan ciniki kuwa su tsaya a cikin gida, ma'aikata su iso gare su ta VPN. Zaure ɗaya mai gadi ya fi ƙofofi biyar a buɗe.