Juya da Ɗan Riƙo: Tarihin Wata Tsohuwar Mafita daga Azbin zuwa Zazzau

A shekarar 2012 ƙididdiga ta nuna cewa mace guda a Nijar tana haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaicin lissafi, adadin da babu ƙasar da ta kai shi a duniya a lokacin. Binciken 2021 ya sauko da shi zuwa 6.2. A ƙasa irin wannan, inda ranar suna ba ta yankewa a unguwa, babu wadda zama ya fi yi wa ɗaci kamar matar da ta shekara goma a ɗaki ba ta yi ko ɓatan wata ba. Hausa ta ba ta suna, juya, kuma sunan ba na yabo ba ne. Namijin da laifin yake jikinsa kuwa harshe ya rufa masa asiri, ko da yake likitoci sun tabbatar cewa kaso babba na rashin haihuwa daga wajen maza yake.

Iferwan, garin garake da dabino a gindin dutsen Tamgak, arewacin Azbin, wuri ne da ya dace a duba lamarin daga gare shi, domin nan al'adu biyu suka daɗe suna cuɗanya. Heinrich Barth, da ya ratsa Azbin a 1850, ya tarar da Hausa a bakin Abzinawan Kel Ewe, saboda ayarin gishirin Bilma da ke kai su Damagaram da Kano kowace shekara. Matar da haihuwa ta yi wa nawa a can tana farawa ne da abin da ke kusa: rubutun sha da laya daga malami, sai saiwa da ganye daga tsofaffin mata masu magani, waɗanda Susan Rasmussen ta rubuta littafi a kansu a 2006. Bayan buɗe ma'adinan Arlit a 1971 aka sami asibiti a kusa. Daga nan sai Agadas, sai asibitin haihuwa na Isaka Gazobi a Yamai, mai hali kuma ya ƙetare iyaka. Dabarar haɗa ƙwan mace da maniyyi a wajen mahaifa, wadda ta ba da jaririyarta ta farko a Ingila a 1978, kuɗinta ya fi ƙarfin mai garka, kuma ko ga mai kuɗin ba kullum take ci ba. Marigayiya Hadiza Musa, a littafinta na 2012 kan matan Yamai, ta nuna yadda wannan yawon neman magani yake cinye dukiya da mutunci, a ƙarshe sau da yawa ya ƙare da kishiya ko saki.

To, idan magani ya ƙi fa? Tun kafin zuwan likita, al'umma tana da amsarta, ita ce riƙo, ko tallafi. Hanyoyinsa da yawa. Kunyar ɗan fari takan sa a miƙa shi ga kaka ko gwaggo. Yaye ma ƙofa ce: a kai yaro gidan wata don ya manta nono, sai zaman ya zarce shekaru. Mace mai ƴaƴa biyar takan dubi ƴar'uwarta da ba ta da ko ɗaya, ta ce ga wannan ya ɗebe miki kewa. Ba takarda, ba alƙali. Shaida ita ce dangi.

Mafi kyawun shaidar wannan al'ada daga bakin wata juya ta fito. Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a garin Giwa tsakanin 1949 da 1950, ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954. Ta yi aure sau huɗu, ba ta haihu ba. Amma mai karatu ba ya ganin mace abar tausayi a cikin shafukan. Yana ganin dattijuwa mai faɗa a ji, wadda ta riƙi ƴaƴan dangi, ta san sirrin kowane aure da kowane biki. Abin lura shi ne yadda take ambaton bayar da yaro da karɓarsa ba tare da wani dogon bayani ba, kamar abin da kowa ya sani. Ashe a zamaninta rashin haihuwa bai zama daidai da rashin ɗa ba.

A Azbin tsarin gida ya ƙara wa mace wata kariya. Bukkar aure tata ce, idan aka rabu miji ne ke fita. Ɗan ƴar'uwa yana da matsayi babba wurin kawunsa, akwai kuma dukiyar da ake kira nono mai rai, dabbobi ko dabino da ake keɓe wa mata na zuriya, ba a sayarwa, ba a rabawa. Ƴar ƴar'uwa da aka riƙa a irin wannan gida ba baƙuwa ba ce ga dukiyar. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun gwada ƙarfin wannan zumunci ƙwarai, lokacin da garkuna suka ƙare, iyalai suka watse, yara da yawa suka tashi a hannun waɗanda ba su haife su ba.

Musulunci bai hana riƙo ba, iyaka ya yi masa. An daɗe ana kiran Zaidu ɗan Harisa da sunan ɗan Annabi (SAW), har ayoyin farkon Suratul Ahzabi suka umarta a danganta kowane yaro ga mahaifinsa. Daga nan malaman Malikiyya suka shimfiɗa hukunci: ɗaukar nauyin maraya lada ne babba, ɗaukar yaron da aka tsinta farilla ce a kan al'umma, amma suna da gado na jini ne. Mai riƙo yana iya yi wa yaro kyauta yana raye, ko wasiyyar da ba ta wuce sulusin dukiya ba. Akwai kuma wata kafa da tsofaffi suka sani: idan ƴar'uwar uwar riƙo ta shayar da jariri kafin ya cika shekara biyu, uwar riƙon ta zama innarsa ta nono, ta zama muharramarsa, hijabi ya faɗi tsakaninsu.

Turawan Faransa sun zo da wani abu dabam, ɗaukar ɗa ta hanyar kotu, wadda a cikakkiyar siffarta take yanke yaro daga asalinsa, ta ba shi sabon suna da gado. Dokar ta zauna a kundi bayan 1960, mutane suka bar ta a can. Dalili a fili yake: ta saɓa wa fiƙihu, kuma ta shafi yaron da ba a san asalinsa ba, wanda bakin mutane bai taɓa yi wa adalci ba. Masu cewa ɗa na kowa ne su ne dai masu cewa tsintacciyar mage ba ta mage.

Inda riƙo ya yi rauni, ɓoyo ke shigowa. A 2014 aka kama mutane da dama a Yamai, cikinsu har da matan manya, bisa zargin sun karɓo jarirai daga kudancin Najeriya ta hanyar Benin suka ce su suka haifa. Shugaban majalisar dokoki na lokacin, marigayi Hama Amadu, ya bar ƙasa a shekarar, a 2017 aka yanke masa ɗaurin shekara guda, shi kuwa ya dage cewa bi ta da ƙullin siyasa ne. Ko mene ne gaskiyar siyasar, zargin kansa ya tona wani abu: a birnin yau ana jin kunyar a ce ɗan riƙo ne, ana son a ce na ciki ne. Baba ta Karo ba ta buƙaci wannan ƙarya ba.

Malaman makaranta sun san ƙaramin nau'in matsalar. Yaro ya zo rijista ba takardar haihuwa, uban riƙo ya je kotu da shaidu biyu, a rubuta sunansa a gurbin mahaifi don a huta. Yaro ya ci jarrabawa da wannan suna, ya yi katin ɗan ƙasa da shi, ya yi aure da shi. Ran da uban riƙo ya kwanta dama aka zauna rabon garka, sai baffanni su tuna ko ɗan wane ne, takarda tana faɗin abu guda, limami yana faɗin wani.