Daga Akwatin Rediyo Zuwa Ƙwaƙwalwar Mita: Tarihin Masu Gyara a Katsina

Sana'ar gyaran kayan lantarki a birnin Katsina rediyo ce ta haife ta. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, Rediyon Kaduna ta biyo baya a 1962, sai Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka kuma a 1979. Duk a zamanin Sarkin Katsina Usman Nagogo aka yi wannan, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981. A shekarun nan ne ƙaramar rediyo mai batir ta shiga zaure, ta shiga rumfar kasuwa, ta hau keken mai zuwa gona. Da ta yawaita a hannun jama'a, masu gyaranta suka kafa tebur.

Kayan aikinsu ba su da yawa: sukundireba, dalma da ƙarfen narka ta, buroshin kaɗe ƙurar hunturu, sai mita mai allura. Asalin irin wannan mita ita ce Avo, wadda Donald Macadie, injiniya a hukumar gidan waya ta Ingila, ya ƙirƙira, ta fito kasuwa a 1923. Amma babban makamin mai gyara kunnensa ne. Daga ƙarar da rediyo ke yi yake gane inda cutar take. Yaro kan shekara yana share tebur yana riƙe wa maigidansa waya kafin a yarda ya taɓa dalma. Kayan canji daga kasuwar Sabon Gari ta Kano ake saro su, in an rasa a ciro daga gawar wata rediyon, shi ya sa ba a taɓa zubar da matacciya.

A 1987 Katsina ta zama babban birnin jiha. Ma'aikata suka ƙaru, gidaje suka cika da talabijin da bidiyo, wutar NEPA mai hawa da sauka ta riƙa ƙona su ba ƙaƙƙautawa. A nan sana'ar ta gamu da abin da bai shiga lissafinta ba. Sababbin talabijin sun zo da wata 'yar ƙwaya mai ƙafa takwas da ke ajiye tashoshi da saitin hoto. Idan rubutun cikinta ya rikice, sai akwatin ya ƙi aiki alhali babu abin da ya ƙone. Kunne ba ya jin wannan cuta, allurar mita ma ba ta nuna ta. Dole a canza ƙwayar ko a sake rubuta ta.

Zuwan wayar salula a 2001, lokacin da MTN da Econet suka fara aiki, ya mai da wannan ilimi abin neman tuwo. Samari suka koyi buɗe wayoyin da aka kulle a ƙasashen waje, suka koyi filashin, wato sake rubuta ƙwaƙwalwar waya, daga zamanin Nokia 3310 har zuwa Tecno da Itel. Kwamfuta ta samu gurbi a gefen dalma, kasuwar Farm Centre ta Kano ta zama wurin sarin kaya da ƙaro sani.

Yanzu sola ke tashe, musamman tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 janareta ya gagari mutane da yawa. Mai haɗa sola yana buƙatar sanin yawan wutar da ke shiga batir da wadda ke fita, ba tare da ya yanke waya ba. Aikin mita mai baki ke nan, wadda ake maƙala wa waya guda ta auna ƙarfin maganaɗisun da ke kewaye da ita. Yawancin masu arha wutar gida kaɗai suke aunawa ta bakin nan, ba sa ganin ta batir. Shi ya sa ƙaramar mita UT210E ta kamfanin UNI-T na ƙasar Sin ta yi suna a duniya: tana auna duka biyun har amfiya 100.

Abin da ya ƙara mata farin jini wani sirri ne da masu sha'awar lantarki suka tono. Fuskarta ba ta ƙirga fiye da 2000, amma ƙwaƙwalwar da ke cikinta, DTM0660, tana iya kaiwa 6000. Kamfanin ne ya taƙaita ta da wasu lambobi da ya rubuta a ƙwayar ajiya 24C02, mai ɗaukar bayit 256 kacal, dangin waccan ta talabijin. Da ƙaramar na'urar rubutu irin CH341A da kwamfuta, ana karanto lambobin a canza kaɗan. Sai matakin da ke tsayawa a amfiya 2 ya kai 6 yana nuna ƙananan alƙalumansa, fitilar fuskar ta daɗe a kunne, mitar ta daina saurin kashe kanta, ta kuma tashi kai tsaye a ma'aunin wutar batir. Duk wanda ya yi filashin waya a Katsina yana da hannun da zai iya wannan.

Sai dai a cikin bayit 256 ɗin nan ne kamfanin ya ajiye lambobin daidaita awo, kuma kowace mita da nata. Wanda ya zuba rubutun mitar abokinsa a tasa ya ɓata ta, za ta riƙa ba shi adadin ƙarya, shi kuma ya gina aikin mutane a kai. Gyaran ba ya ƙara mata gaskiyar awo, ba ya ƙara mata kariya daga babbar wuta. Mitocin da aka ƙera daga baya ma wasunsu da wata ƙwaƙwalwar suka zo, tsohon saitin ba lallai ya dace da su ba.

Ga mai haɗa sola a Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Marusa, gyaran yana da amfani, domin yana tsawaita aikin kayan da aljihunsa ya iya saye. Sharaɗin shi ne ya kwafe rubutun asali ya adana kafin ya taɓa lamba ko ɗaya, ya kuma gwada mitar da wata amintacciya kafin ya kai ta gidan mai aiki.