Wa Ke Tsaye a Karusar? Asalin Kalmar "Triumph"

'Yan'uwa, a waƙoƙin Turanci da muke rerawa muna yawan cin karo da kalmar "triumph", mu ce nasara. Amma asalinta sunan biki ne.

Ta shigo Turanci daga tsohon Faransanci, tushenta kuwa "triumphus" na Latin, wanda masana ke dangantawa da "thriambos" na Helenanci, waƙar yabon gunki Diyonisus. A Roma, idan majalisar dattawa ta amince, sarkin yaƙin da ya ci nasara yakan shiga birni tsaye a karusa mai dawakai huɗu. Ganima da kamammu cikin sarƙa suna gaba, sojoji suna biye, har haikalin Jufita. Sau da yawa a ranar ake kashe shugaban abokan gaba.

A shekara ta 71, Sarki Besfasiyan da ɗansa Titus sun yi wannan biki bayan rushe Urushalima. Har yau siffar alkukin Haikali mai rassa bakwai tana sassaƙe a ƙofar tunawa da Titus a Roma.

Tun kafin haka, Manzo Bulus ya ari kalmar Helenancin a 2 Korantiyawa 2:14 da Kolosiyawa 2:15. A duka wuraren biyu, ba mu ne a karusa ba. Nasarar ta Allah ce cikin Almasihu, an kuwa ci ta a kan gicciye, itacen da Roma ke wulaƙanta mutane da shi. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ranar da kuka rinjayi gwaji, ku tuna wa ke tsaye a karusar.