Cikon haƙori da rufinsa na ƙarfe: shin yana cutar da lafiya, kuma mene ne hukuncinsa?

Tambaya

Likita ya cike mini haƙora biyu da wani ciko mai launin azurfa, daga baya na ji ana cewa akwai guba a cikinsa. Shin wajibi ne in cire? Kuma mene ne hukuncin sanya haƙorin zinare ko na azurfa, wanda ake kira haƙorin Makka?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Na farko:

Cikon da kake nufi shi ne wanda likitoci ke kira amalgam, kuma an fi shekara 150 ana aiki da shi. Kusan rabin nauyinsa zaiba ce, wato makuri, sauran kuma garin azurfa ne da kuza da jan ƙarfe. Zaiba guba ce, tana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ƙoda idan ta yi yawa a jiki. Amma idan ta haɗu da waɗannan ƙarafa takan daskare ta yi tauri, abin da ke fita daga gare ta sai ɗan tururi kaɗan, musamman lokacin tauna ko cizon haƙora. Hukumomin lafiya ba su sami hujjar cewa wannan ɗan abin yana jawo cuta ga baligi mai ƙoshin lafiya ba.

Sai dai akwai waɗanda aka shawarta su guje shi idan akwai madadi. A 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta lissafa su: mai ciki, da mai shirin ɗaukar ciki, da mai shayarwa, da yara musamman 'yan ƙasa da shekara 6, da mai ciwon ƙoda, da mai cutar jijiyoyi irin ta karkarwar jiki ko ta mantuwa, da wanda jikinsa ba ya karɓar zaiba. Tarayyar Turai ta hana sanya shi ga yara 'yan ƙasa da shekara 15 da masu ciki da masu shayarwa tun 2018, sannan daga farkon 2025 ta hana shi ga kowa sai inda likita ya ga larura. Babban dalilin wannan hanin shi ne kare ruwa da ƙasa daga gurɓacewa da zaiba, bisa yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda Najeriya ma ta amince da ita.

Na biyu:

Cire cikon ba wajibi ba ne a kanka muddin bai tsage ba kuma haƙorin bai ruɓe ta ƙarƙashinsa ba. Likitoci ma ba sa ba da shawarar cire lafiyayyen ciko, domin a lokacin da ake haƙe shi da inji ne tururin zaiba ya fi fita, kuma dole a ci wani sashe na lafiyayyen haƙori. Ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce ba a gusar da cuta da wata cutar da ta kai ta ko ta fi ta. Idan ka ga farin tabo ko gyambo a cikin kunci daura da cikon, ko kana jin zafi, ko cikon ya fara motsi, to ka koma wurin likita ya duba. Wanda kuma za a yi wa sabon ciko, yana da damar tambaya ko akwai farin ciko wanda babu zaiba a cikinsa.

Na uku:

Rufin da ake kifa wa haƙori ana yin sa da zinare, ko da haɗin ƙarafa irin su nikel da kuromiyam da kobal. Zinare ne ya fi dacewa da jiki, domin ba ya tsatsa. Nikel kuwa akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarsa, kuma an fi samun haka a cikin mata. Duk wadda ɗan kunne ko agogo ke sa mata ƙaiƙayi da ƙuraje, ta gaya wa likita kafin a yi mata rufi. Haka nan idan ƙarfe iri biyu suka haɗu a baki, wasu kan ji ɗanɗanon ƙarfe ko ɗan fizga kamar ta lantarki.

Amma cutar da ta fi yawa tana zuwa ne daga rufin da bai zauna daidai ba. Abinci ya maƙale a gefensa, dasashi ya kumbura yana jini, baki ya yi wari, haƙori ya ruɓe ta ciki mai shi bai sani ba sai ciwo ya kai jijiya. Wannan ne abin tsoro ga haƙorin Makka idan wanda ba likita ba ne ya sanya shi. Kayan aikin da ba a tsabtace ba kuma suna iya yaɗa ciwon hanta. Sannan abin da aka goge daga lafiyayyen haƙori ba ya sake tsirowa har abada.

Na huɗu:

Gyaran haƙori magani ne, magani kuwa halal ne. Mace ya halatta ta sanya haƙorin zinare ko na azurfa, matuƙar babu cutarwa kuma babu almubazzaranci. Namiji haramun ne ya sanya zinare don ado, amma ya halatta idan akwai larura. Hujjar malamai ita ce labarin Arfajata ɗan As'ad, Allah Ya yarda da shi, wanda aka yanke wa hanci a wani yaƙi zamanin jahiliyya, ya sanya na azurfa ya yi masa wari, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sanya na zinare. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito shi. Idan kuwa akwai abin da zai maye gurbin zinare, kamar rufin tangaran da ake yi yanzu, to namiji ya koma gare shi.

Ciko ko rufin da aka kafe ba ya hana ingancin alwala ko wankan janaba, ba a kuma buƙatar cire shi. Kurkure baki kamar yadda aka saba ya wadatar.

Wanda yake da rufi ko ciko ya yawaita asuwaki ko buroshi, ya kula da gefen dasashi, ya riƙa kai kansa ana dubawa, domin jiki amana ne da za a tambayi bawa a kansa.

Allah ne Mafi sani.