Daga Cinyar Uwa Zuwa Kujerar Mota: Tarihin Mazaunin Jariri

 Shirin yau daga gidanmu na Yalwawa a Dutse ya samo asali.

Kwanaki muna hanyar Kano, ni ke tuƙi, yayata na gaba da ɗanta mai wata bakwai a cinya. Daf da Kwanar Huguma akuya ta gifta, na taka birki. Wallahi sai ga yaron ya suɓuce mata, goshinsa ya bugi gaban mota. Allah ya tsare, ƙulu kawai ya yi. Ta ce, "Na riƙe shi gam fa!" Kuma gaskiyarta. Karo a gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10. Wane hannu zai riƙe yaro a haka?

To, ashe Turawa ma sun daɗe kafin su gane. Kujerar yara ta kamfanin Bunny Bear a Amurka, ta 1933, ba don tsaro aka yi ta ba. Ɗaga yaro kawai take yi ya leƙa waje, ya bar iyaye su huta. Sai a 1962 Jean Ames a Ingila da Leonard Rivkin a Amurka suka ƙera masu kare yaro a haɗari.

Wanda ya fi burge ni shi ne Farfesa Bertil Aldman na Siwidin. Ya lura 'yan sama jannati a kwance suke rigingine lokacin tashin kumbo, domin ƙarfin ya bazu a duk faɗin bayansu. A 1964 ya fito da kujera mai kallon baya. Kan jariri na da nauyi, wuyansa bai yi ƙwari ba. In yana kallon baya, kujerar ce ke tallafe kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya. Kun ga hikimar zanen goyo ke nan, mu dai ba mu kai ta cikin mota ba.

Doka ta biyo baya. Jihar Tennessee ce ta fara tilasta kujerar a Amurka, a 1978. Mu nan an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, aka soma tilasta ɗaura bel a 2003. Amma har yau cinya ce kujerar yaranmu.

Na san abin da za ku ce: ana ta shinkafa, wa ke ta kujera? Tsada ba ita ce tsaro ba. Ko ta gwanjo za ka saya, duba tambarin gwaji, yawanci ruwan lemo, mai rubutun ECE R44/04 ko R129. Duba shekarar ƙira, domin roba na tsufa, balle a zafin Jigawa. Mai tsaga, ko wadda ta taɓa haɗari, bar ta. Gwada ta a motarka kafin ka biya, ka ga bel ya kama ta ba ta girgiza. Wurinta kujerar baya ne. Kada a sa mai kallon baya a gaban jakar iska.

Mu karo-karo muka yi muka saya wa yaron tasa. In ya girme ta, ƙaninsa zai gada.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah ya kai mu gida lafiya.