Daga Nana Asma'u Zuwa Marubuta Matan Yau

Har yau akwai masu cewa rubutun mata baƙon abu ne da boko ya kawo mana. Wannan zance kuwa tarihi bai yarda da shi ba.

A daidai lokacin da Ɗantunku ke kafa masarautarmu ta Kazaure, wajen 1819, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta riga ta zama malama a Sakkwato. An haife ta a 1793, ta rasu a 1864, ta kuma yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ba don malamai kaɗai ta yi ba. Ta zaɓi dattawan mata, kowace ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa, ta koya mata waƙoƙin tauhidi da tsarki da tarihin Annabi (SAW). Su kuma suka riƙa bin ƙauyuka suna karantar da matan da ba su iya fita neman ilimi. Su ne 'Yan Taru.

Alƙalamin bai faɗi ƙasa ba. A nan Jigawa muna da Hauwa Gwaram, wadda aka buga waƙoƙinta tare da na Hajiya 'Yar Shehu cikin Alƙalami a Hannun Mata a 1983. Kafin nan, a 1980, Hafsatu Abdulwahid ta fitar da So Aljannar Duniya. Ita kuwa Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta koma yaƙi da jahilci, sannan ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a 1990.

Duk da haka, a 2007 an tara littattafan Hausa an cinna musu wuta a Kano, wai suna ɓata tarbiyya. Ba a rasa baragurbi a cikinmu, gaskiya ne, amma gyara ake yi wa mai kuskure. Sau da yawa ɗan littafin nan na kasuwa shi ke hana matar aure a Roni ko Gwiwa manta karatun da ta baro a firamare. Wanda ya raba ta da shi, me ya ba ta a madadinsa?

Mu kuma marubuta, mu tuna jaji ba ta shiga gidan mutane sai da abin amfani. Allah Ya jiƙan magabatanmu, amin.