Darasin Donald ga masu neman gidan renon yaro mai galahanga

A 1937 wasu iyaye a jihar Misisipi ta Amurka suka kai ɗansu Donald Triplett gidan kula da yara na kwana, yana ɗan shekara uku, domin abin da aka saba yi wa irinsa ke nan a lokacin. Yaron ya ƙara ƙuntata, ya janye daga mutane. Bayan shekara guda suka maido shi gida. Shi ne na farko cikin yara 11 da likita Leo Kanner ya bayyana a 1943, lokacin da aka fara ware galahanga a matsayin larura ta daban.

Daga baya wasu masana suka ɗora laifin a kan uwaye, wai sanyin zuciyarsu ne sanadi. Bernard Rimland, wanda ɗansa ke da larurar, ya ƙaryata haka a 1964. A Ingila iyaye ne suka kafa ƙungiya a 1962, suka buɗe lakwal ta musamman a 1965. A 1972 shirin Eric Schopler a Karolina ta Arewa ya mai da iyaye abokan aikin malamai.

Saboda haka, uwar da ke neman jardan ta yi tambaya: yara nawa ke hannun mai reno guda? Akwai tsarin yini da ba ya canzawa? Akwai lungun da babu hayaniya? Za a bar ta ta shiga, a saurare ta? In an ce ta tsaya bakin ƙofa, ta nemi wani wurin.

Donald ya yi aikin banki a garinsu, ya rasu a 2023 yana da shekara 89.